Yadda Ake Gane Tsofaffin Katunan Besbol na Ƙananan Lig a Amurka, da Yadda Ake Yi Musu Kuɗi

A watan Disambar 2023 kamfanin gwanjo na Robert Edward Auctions ya sayar da wani ɗan kati a kan dala miliyan 7.2. Jaridar Baltimore News ce ta buga shi a 1914, kuma hoton da ke jiki na wani saurayi ne mai shekara 19 da ke yi wa ƙungiyar garin Baltimore jifa. A lokacin ƙungiyar tana buga International League ne, wato ƙaramar lig. Sunan saurayin Babe Ruth. Kafin shekarar ta ƙare an sayar da shi ga Boston Red Sox, ya zama ɗaya daga cikin manyan taurarin besbol a tarihi. Kwafin katin da aka sani a duniya ba su fi goma ba.

A wannan kasuwar kuma za ka ga mutum ya fito da kwali cike da katunan ƙananan lig na 1990, ɗaruruwa, tsaf kamar yau aka buga su, amma ko kuɗin aika su ta gidan waya ba za su mayar ba. Duka biyun katunan ƙananan lig ne. Aikin wannan jagora shi ne ya nuna maka yadda za ka san inda naka ya faɗa tsakanin waɗannan iyakoki biyu, kuma tsarin da nake bi ba ya canzawa: ka fara sanin sunan katin, sannan ka tabbatar na gaske ne, sannan ka duba lafiyarsa, sai a ƙarshe a yi maganar kuɗi. Yawancin asarar da ake yi, daga tsallake matakan farko ne a ruga zuwa na ƙarshe.

Ga wanda bai saba da besbol ba, ƙananan lig su ne gasannin da ke ƙarƙashin babbar lig ta Amurka, inda matasa ke gogewa kafin a ɗauke su sama, tsofaffin 'yan wasa kuma su ƙarasa zamaninsu. An haɗa su a ƙarƙashin inuwa ɗaya a 1901. A 1949, lokacin da suka fi bunƙasa, akwai lig 59 da ƙungiyoyi sama da 400 a ƙananan garuruwa da manya. Kafin 1958 babu ƙungiyar babbar lig ko ɗaya a gaɓar yammacin Amurka, saboda haka ga mutanen San Francisco da Los Angeles da Seattle, gasar Pacific Coast League da aka kafa a 1903 ita ce besbol ɗin kanta. Shi ya sa katunan wannan yanki suka yi yawa, suka kuma yi kyau.

Mataki na ɗaya: tabbatar cewa na ƙaramar lig ne

Kada sunan gari ya ruɗe ka. Baltimore Orioles ta 1914 ƙaramar lig ce, ta yau kuwa babba. Los Angeles Angels da San Diego Padres sunaye ne da ƙungiyoyin Pacific Coast League suka ɗauka shekaru da dama kafin na babbar lig su gaje su. Toronto Maple Leafs da ke jikin katin besbol ƙungiyar International League ce, ba ta wasan ƙanƙara ba.

Rubuta abu uku daga jikin katin: sunan ɗan wasa, sunan gari ko ƙungiya, da duk wani sunan kamfani da ka gani. Sai ka shiga shafin Baseball-Reference, sashen da ke tara tarihin ƙananan lig, ka nemi ɗan wasan. Zai nuna maka shekarun da ya yi a kowace ƙungiya. Idan mutum shekara biyu kacal ya yi a garin da ke rubuce a rigarsa, ka riga ka taƙaita shekarun katin zuwa biyu ba tare da ka duba komai ba. Ka yi hattara da rubutun suna, domin masu buga waɗannan katuna ba su cika damuwa da shi ba. Katin Joe DiMaggio na San Francisco Seals, DeMaggio aka rubuta. Na Rickey Henderson na garin Modesto a 1977, Ricky aka sa. Idan sunan bai fito ba, gwada canza harafi ɗaya ko biyu.

Mataki na biyu: gano wanda ya buga shi, da zamaninsa

A nan aikin yake, kuma a nan zan daɗe. Kusan duk tsohon kati talla ne. Wani yana son ya sayar da taba, ko alewa, ko burodi, ko man fetur, sai ya sa katin a matsayin gyara. Idan ka gano mai tallar, ka gano gidan da katin ya fito. Juya bayan katin tukuna, nan ne sunan ya fi zama.

Masu tara kati suna kiran waɗannan gidaje da lambobin da wani mutumin Syracuse mai suna Jefferson Burdick ya tsara a kundinsa, American Card Catalog. Tarin katunansa yana gidan tarihi na Metropolitan a New York har yau. Harafin farko yana gaya maka irin hajar: N na taba ne na ƙarni na 19, T na taba na ƙarni na 20, E na alewar farko-farko, R na cingam daga shekarun 1930, D na gidajen burodi, M na jaridu da mujallu, C na tabar Kanada, V na alewar Kanada. Ka riƙe su, domin da su ake neman kati a wuraren gwanjo.

Zamanin taba, 1909 zuwa 1912. Katunan ƙanana ne, faɗinsu bai wuce inci ɗaya da rabi ba, tsawonsu inci biyu da rabi da ɗan ɗoriya, daidai shiga kwalin sigari.

Idan ka ga hoto baƙi da fari da jan gefe, bayansa kuma an rubuta Old Mill, T210 ke hannunka, na 1910. Katuna 640 ne a rukuni takwas, kuma lambar rukunin tana baya. Kowane rukuni lig guda ne na kudancin Amurka: na uku Texas League, na shida Blue Grass League ta jihar Kentucky, na takwas Southern Association. Mafi yawan mutanen da ke ciki ba su taɓa taka babbar lig ba. Biyu ne suka ɗauki nauyin sunan tarin: Casey Stengel na garin Maysville a rukuni na shida, da Joe Jackson na New Orleans a na takwas. Wani kwafin na Jackson da wasu iyali suka tsinta cikin kayan gado ya tashi a kan dala 492,000 a gwanjon Heritage a 2020. Idan gefen kore ne, baya kuma Red Sun, to T211 ne, ɗan'uwansa na New Orleans.

Idan hoton mai launi ne mai haske, sama ta yi ja ko ruwan ɗorawa kamar faɗuwar rana, baya kuma an rubuta Obak, T212 ne na gaɓar yamma. A ganina babu katin taba da ya kai su kyau. An buga su shekara uku, kuma bayan katin ne ke raba su: na 1909 da na 1910 da shuɗin tawada, na 1911 da ja tare da ɗan taƙaitaccen bayani a kan ɗan wasan. Na 1909 katuna 76 ne, duk na Pacific Coast League. Sauran shekaru biyun 175 kowanne, an ƙara da 'yan Northwestern League. A cikin na 1911 akwai Buck Weaver, akwai kuma wani ɗan wasan Victoria da sunansa na yanka Ten Million, wanda sunan kawai ya sa ake rububin katinsa.

Shi ma T206, mashahurin tarin nan mai farin gefe da katin Honus Wagner ya fito daga ciki, yana ɗauke da 'yan ƙananan lig da yawa cikin katunansa 524. A cikinsu akwai 48 na gasannin kudu waɗanda suka fi sauran wuyar samu, kuma farashinsu ya fi na ɗan wasa gama-gari. Daga Kanada kuma akwai C46 na Imperial Tobacco na 1912, katuna 90 na International League, hoton ɗan wasa cikin da'ira mai siffar ƙwai a kan zane mai kama da katako.

Zeenut, 1911 zuwa 1938. Wannan gida ne mai zaman kansa. Kamfanin alewa na Collins-McCarthy a San Francisco ya fara su, aka yi shekara 28 ana bugawa, duk na Pacific Coast League. Bayansu galibi fari ne fat, babu rubutu, sunan Zeenut kuma yana fuska. Girmansu da launinsu na canzawa daga shekara zuwa shekara. Wasu shekarun an sa shekarar a jikin hoton, wasu ba a sa ba.

Abin da ya kamata ka sani a kansu shi ne ɗan tikitin da ke manne a gindin katin tun daga 1913. Yara suna yanke shi su tara su karɓi kyauta, saboda haka kusan duk Zeenut da ya tsira an datse masa ƙasa. Wanda tikitinsa ke nan lafiya yakan ninka ɗan'uwansa kuɗi sau da yawa. Ban da haka, katunan 1933 zuwa 1936 zubinsu ɗaya ne, ranar ƙarewar da ke jikin tikitin ce kaɗai ke nuna shekarar. DiMaggio yana cikin waɗannan, da hoto iri biyu, ɗaya yana bugu ɗaya yana jifa. A 1933 ne ya yi wasa 61 a jere yana samun bugu a Seals. Akwai Jim Thorpe, zakaran Olimfik na 1912, da rigar Portland a 1922.

Akwai kuma katin Jimmy Claxton na 1916, wanda ba na iya wuce shi ban tsaya ba. Baƙar fata ne a zamanin da aka rufe wa baƙaƙe ƙofar wannan wasa. Oakland Oaks ta ɗauke shi a matsayin ɗan asalin Indiyawan Amurka, ya yi mata jifa a ranar 28 ga Mayu, cikin 'yan kwanaki aka sallame shi. A waɗannan 'yan kwanakin ne mai ɗaukar hoton kamfanin alewa ya zo. Haka ya zama baƙar fata na farko a katin besbol na Amurka, shekara 30 kafin Jackie Robinson, wanda ya buɗe wa baƙaƙe ƙofar babbar lig, ya sa rigar Montreal Royals. Ba bajintar fili ce ta ba katin daraja ba, shaidar da ya riƙe ce.

Bayan yaƙin duniya na biyu, 1946 zuwa ƙarshen shekarun 1960. Nan 'yan kasuwar gari ne suka karɓi aikin. Remar Bread, gidan burodi, ya buga 'yan Oakland Oaks daga 1946 zuwa 1950, cikinsu har da Stengel yana koci da Billy Martin yana matashi. Mother's Cookies na 1952 da 1953 ana gane su da kusurwoyi masu lanƙwasa da bango mai launi ɗaya. A na 1952 akwai Chuck Connors, wanda daga baya ya yi suna a talbijin. Gidajen mai na Signal da Union Oil sun raba nasu. A Seattle ana sa katin cikin kwalin gugguru a filin wasa, shi ya sa da yawa ke da tabon mai. Bowman ya fitar da katuna 36 na Pacific Coast League a 1949, masu wuyar samu ƙwarai. Parkhurst na Kanada ya buga 100 a 1952, da Tommy Lasorda da Walter Alston a rigar Montreal.

Zamanin tarin ƙungiya, daga 1972. Kamfanin TCMA na Mike Aronstein da Tom Collier ya fara buga katunan ƙungiya guda-guda, a sa cikin leda a sayar a filin wasa ko ta wasiƙa. Girmansu shi ne wanda aka saba da shi tun 1957, inci biyu da rabi a inci uku da rabi. Sunan kamfani da shekara suna rubuce da ƙananan haruffa a baya. A nan ake samun Rickey Henderson na Ogden a 1979, Ryne Sandberg na Reading a 1980, Wade Boggs na Pawtucket a 1981, Tony Gwynn na Hawaii a 1982, Roger Clemens na Pawtucket a 1984. Har da John Elway na Oneonta a 1982, wanda ya bar besbol ya shahara a ƙwallon ƙafa irin na Amurka. Na Cal Ripken Jr. na Charlotte a 1980 ba TCMA ba ne, kuma iri biyu ne: mai shuɗin gefe na gidan talbijin WBTV, da mai ruwan lemo da aka raba ta hannun 'yan sandan garin. Na biyun ya fi ƙaranci.

Daga 1986, da ProCards da makamantansu suka shigo, sai bugu ya yi yawa, kowa kuma ya fara ajiyewa da niyyar riba. Sai 'yan kaɗan irin Ken Griffey Jr. na Bellingham a 1987 suka riƙe daraja. Sauran, ka ajiye su don sha'awa.

Da ka yi zaton gidan, ka shiga shafin Trading Card Database ka duba jerin sunayen tarin. Idan ɗan wasanka ba ya cikin jerin, ko hoton ya bambanta da wanda aka sani, ka koma baya ka sake lissafi kafin ka yi murnar samun abin da ba a taɓa gani ba.

Mataki na uku: na gaske ne ko jabu

Kayan aikin ba su da tsada: gilashin ƙara girma mai ninki goma irin na maƙeran zinariya, rula mai milimita, fitila mai ƙarfi, da 'yar tocilan mai shuɗin hasken nan da ake duba takardun kuɗi da ita. Abin da ya fi su duka amfani shi ne kati na gaske mai arha daga tarin da kake bincike. Ka sayi na ɗan wasan da ba a nema, ko da ya sha jiki, ka ajiye shi a matsayin ma'auni. Gani ya kori ji.

Fara da gilashin, a kan rubutu da layukan gefe. A bugun asali, baƙin rubutu tawada ce guda, a cike, bakinta a tsaye. A jabu, tun da hoton katin aka ɗauka aka sake bugawa, za ka ga haruffan sun rarrabu zuwa ɗigo-ɗigo masu launi. Hoton ɗan wasa a katin gaske yana iya zama ɗigo-ɗigo, wannan ba laifi ba ne. Amma idan farin gefen katin ma yana da ɗigo, an kwaikwayi tsufar takarda ne da na'ura.

Sai ka kashe wuta ka haska tocilan ɗin. Daga wajen 1950 masana'antun takarda suka fara sa wani sinadari mai ƙara fari, wanda ke ƙyalli da shuɗi a wannan haske. Katin da aka ce na 1910 ne ko na 1925, in ya yi wannan ƙyallin, magana ta ƙare. Amma rashin ƙyalli ba ya wanke kati, domin ana iya samun tsohuwar takarda a buga a kanta. Gwajin kuma ba ya aiki a kan katunan 1950 zuwa sama.

Duba irin tsufar. Katin da ya shekara ɗari yana yawo a aljihu da akwati ba ya tsufa daidai wa daida. Idan kusurwoyi huɗun sun goge iri ɗaya kamar an auna, launin ruwan ƙasa ya bi ko'ina bai bar wuri ba, ko ka ji ƙanshin shayi ko gahawa, to hannu ne ya tsofar da shi.

Katunan shekarun 1980 su suka fi wahala, domin bugunsu na asali ma mai sauƙi ne, kwaikwayonsa ba wuya. Na Ripken da Clemens da Griffey duk an yi jabunsu. A nan abin da ke taimako shi ne sauran 'yan ƙungiyar. Mai yin jabu tauraron kawai yake bugawa, ba ya ɓata kuɗi a kan koci da mai kula da kayan wasa. Idan tauraron ya zo tare da abokansa ashirin da wani abu, kauri ɗaya, launin baya ɗaya, yanka ɗaya, hankali ya fi kwanciya. In kuwa shi kaɗai ne, ba a cikin akwatin robar kamfanin tantancewa ba, mai sayarwa kuma ya ce a ɗakin kakansa ya tsinta bai san komai a kai ba, ga hoto dishi-dishi, wannan cinikin biri a sama ne. Ka bar shi.

Akwai kuma katin gaske da aka yi wa gyara. Ana aske gefe don kusurwa ta yi tsini, saboda haka ka auna, ka kwatanta da ma'auninka. Jan gefen T210 yana saurin ɓarewa, wasu sukan cike gurbin da jan alƙalami. Gilashi zai nuna tawadar ta tsotsu cikin takarda.

Mataki na huɗu: lafiyar katin

Kamfanonin tantancewa, irin PSA da aka kafa a 1991, da SGC, da Beckett, suna ba kati maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin akwatin roba. Abu huɗu suke dubawa: kusurwoyi, gefuna, fuska da baya, da zaman hoto a tsakiya. Kai ma ka duba su kafin ka kashe kuɗi. Karkata katin a ƙarƙashin fitila, ƙananan karaya da ido ba ya gani kai tsaye za su bayyana. Karaya guda da ta ratsa takarda takan sauko da kati zuwa wajen 3 ko 4 komai kyansa. Yagewar takarda a baya, wadda ta yawaita saboda an manna katuna da yawa cikin littafin ajiya, takan kai shi 1 ko kusa da haka. Wanda aka aske ko aka shafa wa launi ba ya samun lamba, sai dai a rubuta cewa na gaske ne kawai.

Kada ƙaramin maki ya karya maka gwiwa. Katin Ruth na dala miliyan 7.2 maki 3 ne. A tarin da yara suka yanka suka cusa a aljihu, 3 ko 4 na iya zama mafi kyawun da ya rage. A katin 1987 kuwa, tsakanin 9 da 10 kuɗi na iya ninkawa, 7 kuma ba ya jan hankalin kowa.

Roƙona ɗaya: kada ka goge, kada ka wanke, kada ka bi da dutsen guga, kada ka daidaita gefen Zeenut da almakashi don ya yi kyan gani. Garin neman gira ake rasa ido.

Mataki na biyar: yi masa kuɗi

Ƙarancin abu shi kaɗai ba ya sa tsada, sai ya haɗu da mai nema. Akwai katunan ƙananan garuruwa na shekarun 1950 da kwafinsu bai fi a ƙirga da yatsu ba, amma kuɗinsu kaɗan ne saboda masu nemansu ma ba su fi haka ba. Tambayar farko ita ce: wane ne yaron nan ya zama? Wanda ya shiga zauren girmama gwarzayen besbol da ke garin Cooperstown yana sama, musamman in katin ya riga katinsa na farko a babbar lig fitowa. Bayansa sai wanda ya yi suna ta wata hanya, kamar Thorpe da Connors da Elway, ko 'yan Chicago White Sox da aka kora kan badaƙalar sayar da wasa ta 1919, irin Jackson da Weaver. Sai kuma gama-gari, waɗanda darajarsu ta tarin ce: masu son kammala Obak ko T210 dole su sayi kowa.

Sannan ka nemi cinikin da ya faɗa. Kowa ya san bambancin kuɗin da mai kaya ya yanka da kuɗin da aka sallama. A eBay ka tace sakamako ya nuna waɗanda aka sayar kawai. Ga manyan katuna, Heritage da Robert Edward Auctions da Goldin suna ajiye sakamakon gwanjonsu na baya a shafukansu. Ka nemi kati iri ɗaya, maki ɗaya, kamfanin tantancewa ɗaya, cikin shekara guda da ta wuce. In ka samu uku zuwa biyar, ka jefar da wanda ya fi tsada da wanda ya fi arha, ka kama tsakiya. Ka lura da cinikin 2020 da 2021, lokacin annobar korona, da farashin katuna ya yi tashin gwauron zabo. Da yawa sun sauko daga baya.

Sau da yawa ba za ka samu cinikin katinka ba ko ɗaya. Sai ka yi ƙiyasi da maƙwabta: ɗan wasa mai irin matsayinsa a tarin, ko katin nan a wani maki. Ka duba kuma ƙididdigar da PSA da SGC ke wallafawa ta yawan kwafin da suka tantance. Ka karanta ta da hankali: ƙaramar lamba a kan ɗan wasa gama-gari tana iya nufin babu wanda ya ga amfanin aikawa, ba wai babu katin ba.

Daga nan ka cire ɗawainiya. Farashin da gidan gwanjo ke sanarwa ya haɗa da la'adar da mai saye ke biya a sama, wajen kashi 20 cikin ɗari. Mu ƙaddara an ce kati irin naka ya tashi dala 600. Kuɗin da aka buga guduma a kai 500 ne, daga ciki kuma za a iya cire kason mai sayarwa, ga kuɗin tantancewa, ga na aikawa da inshora. Dillalin da zai biya ka nan take zai taya ƙasa da haka sosai, domin shi ma riba yake nema, kuma zai iya yin watanni kafin mai so ya zo. Ba zalunci ba ne, amma ka san abin da kake sayarwa kafin ka zauna da shi.

Wannan lissafin ne zai gaya maka ko tantancewa ta cancanta. Kati na tauraro, ko wanda aka saba yin jabunsa, ko duk wanda kake zaton ya haura 'yan ɗaruruwan daloli, ka aika. Gama-gari na 'yan daloli, kuɗin akwatin zai cinye shi. Tarin ƙungiya da ke cikin ledarsa ta asali kuma, ka yi tunani sau biyu kafin ka farke don ciro tauraro. Sauran katunan ba su da kasuwa in babu shi.

Kafin ka yanke shawara

Sa kowane kati cikin 'yar leda mai laushi da aka yi don katuna, sannan cikin maƙalar roba mai tauri. Ka guji tsofaffin ledojin PVC masu maiƙo, da roba mai ɗaure kuɗi, da akwatin da ake matsewa da kusoshi, wanda ke danne kusurwa. Ka nisanta su da rana, domin jan T210 da launukan Obak suna koɗewa, ka kuma nisanta su da laima. In kana wuri mai damina mai nauyi, ka sa su cikin akwati mai rufuwa tare da ƙunshin tsotse danshi.

Ka ɗauki hoton gaba da baya, ka rubuta a takarda daban inda katin ya fito, hannun wa, da yaushe. Idan cikin littafin ajiya ka same su a manne, kada ka ɓamɓare, ka kai littafin gaba ɗaya wurin masani. Idan tare da wasiƙu ne, ko tikitin shiga fili, ko yankakkiyar jarida, ka bar su wuri guda. Ɗan wasan Blue Grass League na 1910 da ya yi kaka ɗaya ya koma gona, mai yiwuwa wannan katin ne kaɗai hotonsa da ya rage cikin rigar wasa, kuma gidajen tarihi na ƙananan garuruwan nan da jikokin mutanen suna neman irinsu. In ka ga sunan garin a rigar, ka nemi ƙungiyar tarihin garin ka aika musu hoton katin kafin ka sa shi a gwanjo.